Kogunan Ƙasar Kano Da Inda Ruwansu Yake Tafiya

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Kano zuwa Bici, cikin watan Agusta, ya ga yadda kowace ƙorama take cika ta batse, ruwa ja wur yana gudu ƙarƙashin kwalbati kamar zai tafi da ita. In ya sake bin hanyar nan cikin watan Janairu, ba abin da zai tarar sai farin yashi, da sawun shanu, da yara suna tonon ruwa da ƙoƙo. To, shin ruwan nan duka ina ya tafi?

Wannan tambaya ba ta 'yan makaranta kaɗai ba ce. Amsarta ta shafi mai lambu, ta shafi mai haƙa rijiya, ta shafi ɗan kasuwa mai sarin tumatir da albasa, har da malamin ofis da ke sayen ruwa wurin ɗan garuwa. Saboda haka a wannan mako za mu bi kogunan ƙasarmu tun daga mafarinsu har inda suka ƙare, sa'an nan mu ga abin da ya rataya a wuyan manomi.

DORON ƘASA

Da farko ya kamata a sani, ƙasa ba a shimfiɗe take kamar tabarma ba, ko da ido ya ga kamar haka take. Tana da doro irin na rufin kwano, wanda in an yi ruwa, rabi ya zuba ta wannan gefe, rabi ta wancan. Akwai irin wannan doro kusa da iyakar Kano da Katsina, ya kuma karkata kudu wajen iyakar Zazzau.

Ruwan da ya sauka yamma da doron nan yakan bi gulaben Katsina da Zamfara zuwa gulbin Rima da na Sakkwato, ya faɗa kogin Kwara, daga nan sai teku. Gulbin Maraɗi ma cikinsu yake. A ƙasar Katsina ya taso, ya shiga Nijar, ya ratsa ta Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya ya haɗu da Rima. Na Zariya kuwa Galma ke ɗauka ta kai kogin Kaduna, shi ma ya miƙa wa Kwara.

Amma ruwan ƙasar Kano ba ya ganin teku. Kusan dukansa gabas yake nufa, wajen tafkin Cadi, ko da yake za mu ga kaɗan ne daga cikinsa yake isa can.

MANYAN KOGUNA BIYU NA KUDU

Manyan kogunanmu biyu ne, watau kogin Kano da kogin Calawa. Kogin Kano ya taso daga duwatsun kudu, wajen Riruwai, inda ƙasa ta fara hawa zuwa tsaunukan Jos. Can ne aka fi samun ruwan sama a duk jihar, don yakan wuce milimita 1,000 a shekara. Kogin ya ratsa dajin Falgore ya nufo arewa. Calawa kuwa daga yamma ya fito, ya bi ta ƙasar Ƙaraye, kogin Watari na wajen Bagwai ya zuba cikinsa, sa'an nan ya wuce ta kudancin birni.

Su biyun nan sun gamu kusa da Tamburawa, suka zama kogi ɗaya. Shi ne wanda ake hayewa a gadar Wudil, shi ne kuma ya wuce ta Ringim, ake ce masa kogin Haɗeja. Watau mai su a Wudil, da mai shinkafa a Haɗeja, da mai buɗe famfo a birnin Kano, duk daga ƙwarya ɗaya suke sha.

ƘANANAN KOGUNA NA AREWA

Mu da ke arewacin jihar, wajen Ɗambatta da Makoɗa da Kunci da Minjibir, ba mu da babban kogi. Namu uku ne sanannu, watau Gari da Tomas da Jakara. Gari yana wajen Kunci da Kazaure, Tomas yana wajen Makoɗa da Ɗambatta. Jakara kuwa daga cikin birnin Kano ta taso, ta bi ta gefen kasuwar Kurmi, ƙoramar Getsi ta zuba cikinta, ta nufi ƙasar Minjibir.

Abin mamaki game da su shi ne, duka ukun arewa maso gabas suke nufa, amma in ka bi su a ƙasa, sai ka ga kogi yana ta raguwa, gaɓa tana ta ɓacewa, har ka wayi gari ba kogi sai fadama da rairayi. Ba su da wata babbar mahaɗa da za a nuna a ce ga inda suka faɗa.

Dalili yana ƙarƙashin ƙasa. Yammaci da tsakiyar ƙasar Kano kan dutse suke zaune. In ka haƙa ka wuce jar ƙasa da marmara da ruɓaɓɓen dutse, sai ka tarar da fa mai tauri wanda ruwa ba ya ratsa shi sai ta tsaga. Saboda haka ruwan sama ba ya samun wurin nitsewa da nisa, tilas ya taru ya yi kogi. Amma in ka nausa gabas da arewa maso gabas, ka doshi Ɓaɓura da Gumel da Haɗeja, dutsen nan ya nitse can ƙasa, yashi da laka masu kauri sun binne shi. Kogi na isa wannan yanki, sai ya zama kamar an zuba ruwa cikin rariya.

Wannan shi ya sa rijiyoyin sassan biyu suka bambanta. A kan dutse sau da yawa akan sami ruwa kusa, amma ba shi da yawa, bazara na yi ya ja baya. Maƙwabcinka ya haƙa burtsatse ya dace da tsaga ya sami ruwa, kai ka haƙa kusa da shi ka tashi a banza. A ƙasar yashi kuwa rijiya takan yi zurfi ƙwarai, amma in an kai ga ruwa ya fi jurewa. Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Gaskiya ne, amma fa a san irin ƙasar da ake tonawa kafin a kashe kuɗi.

Haka kuma farin yashin da ke cikin ƙorama da rani ba busasshe ba ne har ƙasa. Rumbu ne. Yana riƙe da ruwan damina inda rana ba ta kai gare shi, daga nan ne kakanninmu suke ɗagowa da jigo, daga nan ne kuma injin ban ruwa yake zuƙowa a yau.

TAFKUNAN DA MUTUM YA YI

Ƙasar Kano ba ta da babban tafki na asali, sai ƙanana da kududdufai na bakin gari inda aka ɗebi ƙasar gini. Manyan ruwayen da muke gani yanzu duk datse su aka yi. Aikin ya kankama ne zamanin Audu Baƙo, wanda ya yi gwamnan jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. An gama madatsar Bagauda a 1970, aka gama ta Tiga a kan kogin Kano a 1974, daidai lokacin da mutane suke fama da raɗaɗin farin 1973. Na arewa, watau Tomas, da Jakara da aka datse a Wasai, da Gari, da Watari, an yi su ne tsakanin 1975 da 1980. Babbar madatsar Calawa ta wajen Ƙaraye an gama ta a 1992.

Tiga ita ce uwa. Lokacin da aka gama ta, faɗin ruwanta in ta cika ya wuce murabba'in kilomita 170, kuma in an haɗa ruwan Tomas da Wasai da Gari da Watari duka, ba su kai nata ba. Daga cikinta aka ja babbar hanyar ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Shinkafar Kura, da alkama, da tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan zuwa kudancin Nijeriya, duk albarkacin ruwan nan ne. Mutanen da dā sai cin rani suke tafiya, yanzu da yawansu suna gida suna noma sau biyu a shekara. Wannan alheri ne, ba mai musu.

Amma madatsa ba ta haifar ruwa, ajiya kawai take yi, kuma tana da ɓarayi biyu. Na farko rana da iskar hunturu. A ƙasarmu, ruwan da ke kwance a fili yakan yi asarar kusan mita 2 na zurfinsa kowace shekara, ya tashi sama ba wanda ya sha. Na biyu laka. Duk jan ruwan da ya shiga madatsa yakan tsaya ya kwanta, ƙasar da ya ɗauko ta zauna a gindi. Shekara da shekaru, tulun yana nan yadda yake a ido, amma cikinsa ya cika da taɓo. Ƙananan madatsunmu na arewa su suka fi jin wannan, don ba su da zurfi tun asali.

MUTANEN GINDIN KOGI

Yanzu sai mu bi ruwan da ya wuce Wudil. Yana shiga ƙasar yashi, sai ya rarrabu tsakanin jigayi, ya bazu cikin manyan fadamu daga Haɗeja zuwa Nguru. Can ya sadu da kogin Jama'are wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa ƙasar Bauci da Katagum. Wajen Gashuwa suka haɗu suka zama kogin Yobe, ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar wajen Diffa, sa'an nan abin da ya rage ya zuba tafkin Cadi.

Mutanen fadamun nan da ambaliyar shekara suka dogara. Ruwa ya hau su shuka shinkafa, ya janye su shuka wake da kayan lambu cikin laima, masunta su kama kifi, Fulani su sami ciyawar rani. Da aka datse kogi a sama, ga kuma farin 1973 da na 1984, ambaliyar ta ragu ƙwarai. Har wa yau, kogin da dā yake ƙafewa da rani ya koma yana ɗan gudu duk shekara, saboda ruwan da ake saki daga madatsu. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta sa wasu garuruwa ruwa ya ci gonakinsu, wasu kuma ruwa ya daina kai musu sam. Tsuntsayen jan baki masu cin gero da shinkafa kuma suka sami wurin ɓuya cikinta.

Shi kansa tafkin Cadi, wanda Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kewaye, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963. Kafin tsakiyar shekarun 1980 ya koma bai kai kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Tun daga nan yakan ƙaru ya ragu bisa ga damina. Ruwa ne marar zurfi, cike da tsibirai inda Buduma suke kiwon shanunsu masu manyan ƙaho, daga can ne kuma bandar kifi ta saba zuwa kasuwanninmu. Sai dai a yi adalci, ba Tiga ce ta janye shi ba. Wajen kashi 9 cikin 10 na ruwan da koguna ke kai masa daga Shari da Logon yake fitowa, ta kudu, rabon Yobe kaɗan ne. Amma abin da ya sami mutanen Haɗeja da Nguru da Gashuwa, lalle da hannun na sama a ciki.

KOGI DAGA GONARKA YA FARA

Wani zai ce, to, ni da ke da 'yar gona eka biyu a bayan gari, mene ne nawa cikin wannan dogon labari? Bari mu yi lissafi.

In aka yi ruwan sama na milimita 1, eka ɗaya takan sami wajen lita 4,000, watau duro 20 na lita 200. A ce damina ta ba da milimita 700, kamar yadda akan samu a sassanmu in shekara ta yi daidai. Ke nan eka ɗaya ta karɓi duro 14,000. Ba madatsar da za ta kawo maka wannan kyauta har gona. Abin tambaya shi ne, nawa ya shiga ƙasa, nawa ya gudu?

Wanda ya shiga ƙasa shi ke raya gero in an yi kwana goma ba ruwa, shi ke sauka ya cika rijiya, shi ke tsattsafowa cikin yashin ƙorama da rani. Wanda ya gudu kuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba. Jan da ka gani cikin ruwan Agusta ba kome ba ne sai fuskar gonarka, da takin da ka sha wuya ka kai da jaki ko amalanke, da na zamani da ka saya da tsada. Ya bar ka da fako, ya je ya cike Tomas ko Wasai da laka. Hasara biyu ke nan, ta gona da ta madatsa.

A ƙasa irin tamu, inda gona take manne da gona, ba saura, ba daji, ba wurin da mutum zai koma in tasa ta mutu. Saboda haka ga abubuwan da kowa zai iya yi ba tare da jiran gwamnati ba.

Na ɗaya, a yi huɗa a gicciye, kada kunya ta bi gangare. Kunyar da ta bi gangare hanya ce ka share wa ruwa. Wadda ta gicciye shi kuwa kowace ɗaya 'yar madatsa ce.

Na biyu, a dasa gamba ko jema a kan iyakar gona, musamman ta gefen da ruwa ke fita. Tana tare ƙasa ta bar ruwa ya wuce a hankali, ga shi kuma ka sami abin zana.

Na uku, kada a raina takin gida. Ƙasar da ta sha taki tana shan ruwa ta riƙe, wadda ba ta da shi ruwa bisa yake bi. A bar gawo da sauran itatuwan gona, a kuma rage wani abu na kara da ganye a ƙasa, kada a share ta tas kamar tsakar gida.

Na huɗu, a tare zaizaya tun tana ƙarama. Ramin da yau za ka toshe da duwatsu da buhu biyu na ƙasa, in ka bar shi damina uku sai ya zama kwazazzabo mai cin hanya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na biyar, kada a yi noma har bakin gaɓa. A bar 'yan taku na ciyawa da itace tsakanin gona da ruwa. A kuma bar burtali da mashaya a buɗe, don dabbar da aka toshe wa hanyar ruwa ta cikin lambu za ta bi, daga nan kuwa rigima ke tashi.

Na shida, masu gari da masu unguwa su sa ido kan ɗiban yashi. Kowace tifa da ta fita daga cikin ƙorama ta rage rumbun ruwan rani. In aka kwashe har aka kai ga laka, rijiyoyin fadama za su ja baya, gaɓa kuma ta riƙa zubewa.

GA MASU NOMAN RANI

Mai ban ruwa ya tuna yawan ruwa ba shi ne yawan amfani ba. Gonar da ake cika wa ruwa ba magudana takan jiƙe ta yi tsami, gishiri ya taso ya yi fari a bisa kamar kanwa, shuka ta ƙi. A yi ban ruwa da safe ko da la'asar, a gyara hanyar ruwa in ta tsage, a kuma tuna da wanda ke ƙarshen layi, shi ma iri ya saya.

Masu lambu a bakin Jakara da Getsi su yi hattara. Ruwan nan yana ɗauke da dattin birni da na masana'antun Bompai, masu bincike kuwa sun sha auna shi suna samun guba irin ta majema da ta ƙarafa. Inda hali ya yi, ruwan rijiya ya fi, musamman ga latas da sauran abin da ake ci ɗanye.

Har wa yau, ruwan da ke kwance shi ne gidan ƙananan dodon koɗi masu yaɗa tsargiya. Yaron da aka ga jini cikin fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani, ba alamar girma ba ce kamar yadda wasu ke cewa.

Daga ƙarshe, kada a yi gini cikin fadama don an ga shekaru ruwa bai zo ba. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Madatsar Bagauda ta ɓalle cikin Agustan 1988, ta Alau kuma ta ɓalle cikin Satumbar 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Jama'a, da yayyafi kogi kan cika. Tomas da Gari da Jakara ba daga wani dutse mai nisa suke fitowa ba, daga gonakinmu da lungunanmu suke taruwa. In kowa ya riƙe ruwan gonarsa da ƙasarta, rijiya za ta daɗe, madatsa za ta yi tsawon rai, na gindin kogi kuma ya sami ruwa mai kyau. Yanzu da kaka, kafin sawun ruwa ya ɓace, kowa ya zaga gonarsa ya ga ta inda ya fita bana, ya sa alama, don a gyara wurin kafin shuka.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da fari da ambaliya, amin. Sai mako mai zuwa.